Ciwon Berdon: an tare a kan hanji, an bar mafitsara a baya

Akwai wani ciwo da ake haihuwar jarirai da shi wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa biyar, MMIHS. Idan ka warware sunan, abubuwa uku yake faɗa: ƙatuwar mafitsara, tsukakken babban hanji, da hanjin da ba ya motsi yadda ya kamata. Ka lura, mafitsara aka fara ambata. Ita ce kuma abin da ake fara hangowa a sikanin tun jariri yana ciki. Amma idan ka zauna ka karanta abin da aka rubuta kan kula da waɗannan yara, sai ka tarar shafuka sun tafi a kan hanji, da ciyarwa ta jijiya, da dashe. Ita kuwa mafitsara, sau da yawa an sallame ta da layi ɗaya ko biyu: a riƙa zuƙe fitsarin da roba, ko a buɗa mata ƙofa ta jikin ciki. Shi ke nan.

Wannan rubutu suka ce ga wannan ɗabi'a. A lokacin da yawancin yaran ke rasuwa kafin su shekara, ana iya yi wa layi biyun nan uzuri. Yanzu da suka fara rayuwa har suna shiga makaranta, uzurin ya ƙare. Kuma kada ka ce ai ciwon ba kasafai ake samunsa ba, bai shafe ka ba. Tambayoyin da yake tayarwa kan robar fitsari da maganin kashe ƙwayoyin cuta su ne dai tambayoyin dubban iyaye masu yaran da mafitsararsu ba ta aiki saboda wasu dalilan daban.

Wane irin ciwo ne wannan?

A 1976 wani likitan hoton yara a birnin Niyok na Amurka, Walter Berdon, shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin jarirai mata biyar. Alamominsu duk na toshewar hanji ne: ciki a kumbure, abinci ba ya wucewa. Amma babu wani abu da ya tokare hanjin. Mafitsarar ma ta cika ta batse, alhali hanyar fitsari a buɗe take. Daga nan sunansa ya bi ciwon.

Matsalar a tsoka take. Tsoka iri-iri ce a jikinka. Akwai wadda kake sarrafawa da ganin damarka, kamar ta hannu da ƙafa. Akwai kuma wadda ke aikinta ba ta nemi izininka ba, ita ce ta naɗe hanji da mafitsara da mahaifa da jijiyoyin jini. Masana na ce mata tsoka mai santsi, saboda kamanninta a madubin likita. Ita ke matsa abinci ya yi gaba a cikin hanji, kamar yadda kake matso makilin daga ƙasa zuwa baki, ita ce kuma ke matse mafitsara lokacin fitsari. A cikin kowace ƙwayar wannan tsoka akwai zarurruka iri biyu, aktin da mayosin, waɗanda ke jan juna tsokar ta tsuke. A ciwon Berdon, wannan injin ne aka haifa da naƙasa.

Wannan ya bambanta shi da cutar Hirschsprung, wadda aka fi sani. A can jijiyoyin saƙo ne babu a wani sashe na hanji, tsokar lafiyarta ƙalau. A nan jijiyoyin saƙon galibi suna nan, tsokar ce ba ta amsawa. Babban hanjin kuma ya tsuke ne saboda kusan babu abin da ya bi ta cikinsa tun a mahaifa.

A 2014 rukunoni biyu na masu bincike a Amurka, ɗaya a Houston ɗaya a Miami, suka nuna cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna ACTG2, wadda ke haɗa aktin na hanji da mafitsara, shi ne babban sanadi. Yawanci sauyin sabo ne, ya faru a jikin yaron, babu shi a jinin uwa ko uba. Tsakanin 2015 da 2018 aka gano wasu ƙwayoyin gadon, MYH11 da MYLK da LMOD1 da MYL9, waɗanda sai yaro ya gaji gurɓataccen kwafi daga uwa da kuma uba kafin ciwon ya bayyana.

A 2011 Jan-Hendrik Gosemann da Prem Puri a Dublin suka tattara duk waɗanda aka ba da rahotonsu tun 1976. Yara 227 suka samu, kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne, waɗanda ke raye kuwa wajen kashi 20 cikin 100 ne kacal. Abin da ya fi kashe su: ƙwayoyin cuta a jini, rashin abinci mai gina jiki, da gazawar gaɓoɓin ciki.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

Kafin mu ci gaba, a yi adalci. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa hanji ya cinye hankalin kowa. Jaririn da hanjinsa ba ya motsi ba zai sha nono ya zauna ba. Abin da ke riƙe ransa shi ne ciyarwa ta jijiya, wato a zuba masa sukari da sinadaran gina jiki da mai kai tsaye cikin babbar jijiyar jini, dabarar da Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka tabbatar tana aiki a 1968 a Jami'ar Pennsylvania. Ita kanta tana da tsada a jiki: bututun jijiyar na kamuwa da ƙwayoyin cuta, hanta na lalacewa. Idan ta gaza, sai dashen hanji, wani lokaci har da hanta da tumbi. Ƙaruwar yaran da ke rayuwa a shekarun baya-bayan nan daga wannan ɓangaren ta zo, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo.

Haka kuma an samu waɗanda suka waiwayi mafitsarar. A 2016 likitocin mafitsarar yara a Shikago sun wallafa nazari da ya mai da hankali a kanta, a 2018 kuma wasu a Pittsburgh, inda ake dashen hanji, suka yi irinsa. Sai dai ka duba tazarar: shekara 40 cif daga bayanin Berdon zuwa nazarin Shikago. Kuma har yau abin da ake dogaro da shi rahotannin ɗaiɗaikun yara ne da ƙananan rukunoni, waɗanda aka waiwayi fayilolinsu bayan an gama komai.

Ƙoda ce ke biyan bashin

Me ya sa ma za a damu da mafitsarar da ba ta kisa nan take? Saboda ƙoda na samanta.

Mafitsarar yaro mai lafiya ƙarama ce. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi: ka ƙara 1 a kan shekarunsa, ka ninka da 30, ka samu mililita. Ɗan shekara 3 kenan wajen mililita 120. A ciwon Berdon an sha zuƙo ɗaruruwan mililita daga mafitsarar jariri sabon haihuwa. Fitsarin da ya kwanta haka yana yin abu biyu. Yana zama tafkin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, yana kuma hana na sama gangarowa, sai bututan da ke sauko da fitsari daga ƙoda su buɗe, ƙodar ta kumbura. A wasu yaran fitsarin har komawa sama yake yi, ya kai ƙwayoyin cutar cikin ƙoda. Duk zazzaɓin da ya taɓa ƙoda yana iya barin tabo, tabon ƙoda kuwa ba ya gogewa.

To ka ɗora wannan a kan sauran dukan da ƙodar yaron nan ke sha. Yana zubar da ruwa mai yawa ta ƙofar hanjin da aka fitar masa a ciki, don haka bushewar jiki ba ta nisa da shi. Duk lokacin da bututun jijiya ya kamu, ana iya ba shi jentamaisin ko bankomaisin, dukansu suna taɓa ƙoda. Idan ya kai ga dashe, zai rayu a kan takrolimus, maganin hana jiki ƙin sabuwar gaɓa, shi ma mai cin ƙoda ne. A 2003 Akinlolu Ojo, likitan ƙoda ɗan asalin Najeriya da ke Jami'ar Mishigan a lokacin, ya jagoranci nazarin mutum sama da 69,000 da aka yi wa dashen wata gaɓa ba ƙoda ba. Waɗanda aka dasa wa hanji su suka fi kowa samun gazawar ƙoda mai tsanani, kimanin kashi 21 cikin 100 a cikin shekara biyar. Kuma ka sani, dashen hanji ba ya gyara mafitsara. Yaro zai fito da sabon hanji da tsohuwar mafitsararsa, ga garkuwar jiki an danne.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a ce kowane bayani kan ciwon ya ɗauke shi da muhimmanci. Ciyarwa ta jijiya a gida galibi da dare ake haɗa ta, awa 12 ko fiye, don yaro ya samu sakewa da rana. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar wajen lita ɗaya ta ruwa a yini, fiye da haka ma idan yana zubarwa ta hanji. Idan wannan ruwan ya shiga jini da dare, da daren ƙoda za ta tace shi. Wato lokacin da uwa ke barci, ba a zuƙe fitsari, shi ne lokacin da mafitsara ta fi cika. Tsarin "zuƙe duk bayan awa huɗu da rana" bai san da wannan ba. Maganin kuwa sananne ne: tun farkon shekarun 2000 Stephen Koff a Ohio ya nuna amfanin barin roba a mafitsara cikin dare tana zuba a jaka, ga yaran da ke yawan fitsarin dare. Likitan hanji ne ke tsara awannin ruwan, likitan mafitsara ne ke tsara awannin robar. Idan ba su zauna tare ba, yaron ne a tsakiya.

Har gwajin da ake auna lafiyar ƙodar da shi yana iya yaudara. Sinadarin kiriyatinin daga tsokar jiki yake fitowa. Yaron da ya rame, tsokarsa kaɗan ce, sai sakamakonsa ya fito da kyau alhali ƙodar ta fara ja da baya. Gwajin sistatin C bai dogara da yawan tsoka ba. Don haka idan ka karanta rahoto ya ce ƙodar yaran lafiya lau, tambayar farko ita ce: da wane gwaji aka auna, kuma shekara nawa aka bi su?

Zanen aro ba ya rufe katara

Kusan duk abin da aka sani kan kula da mafitsarar yara an koyo shi ne daga masu tsagewar ƙashin baya, wato sifaina bifida, domin su ne da yawa. Aro ba laifi ba ne, wani aron ma ya zauna daram.

Wanda ya fi zama shi ne zuƙe fitsari lokaci-lokaci da roba mai tsabta. A shekarun 1940 Ludwig Guttmann a asibitin Stoke Mandeville na Ingila yana sa wa masu raunin laka roba a cire, amma da sharaɗin komai ya zama an kashe masa ƙwayoyin cuta kamar a ɗakin tiyata. A 1972 Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ya zo da maganar da ta girgiza abokan aikinsa. Ya ce babban mai jawo cuta shi ne barin mafitsara ta cika ta miƙe, jinin da ke zagaya bangonta ya ragu. Idan ana zubar da fitsarin a kai a kai, wanke hannu da sabulu da roba mai tsabta sun wadatar, kuma mai ciwon ko mahaifiyarsa na iya yi a gida. Wannan tunanin ya dace da mafitsarar Berdon kamar don ita aka yi shi.

Sauran aron fa? A sifaina bifida mafitsara sau da yawa ƙarama ce, mai tauri, mai yawan matsewa. A 1981 Edward McGuire ya nuna cewa idan matsin cikinta ya haura santimita 40 na ruwa kafin fitsari ya ɓalle, ƙoda na cikin haɗari. A kan wannan aka gina magani: a ba da oksibutinin don tsokar ta saki, idan bai yi ba a faɗaɗa mafitsarar da yankin hanji. Mafitsarar Berdon kishiyar wannan ce, ƙatuwa, sakakka, ba ta matsewa. Oksibutinin kuwa sananne ne yana rage motsin hanji, ga yaron da hanjinsa dama a tsaye yake. Ba shi wannan magani don kawai haka aka saba, ba tare da gwajin matsin mafitsara ya nuna buƙata ba, kuskure ne. Magungunan da ke zaburar da mafitsara, irin su betanekol, su ma ba su taɓuka abin kirki ba, dalilin kuwa a fili yake: saƙo na isa, injin ne ba ya ja. Kamar ka yi ta murɗa totur ne a babur ɗin da sarƙarsa ta tsinke.

Ga wani wurin da rashin zama tare ke jawo asara. Yawancin yaran nan ana haifarsu hanjinsu bai kwanta a mazauninsa ba, kuma tiyatar da ake yi don gyara wannan, wadda William Ladd na Boston ya bayyana a 1936, bisa al'ada ana cire afendis a cikinta. To a 1980 Paul Mitrofanoff a Faransa ya nuna yadda ake ɗaukar afendis ɗin a mai da shi ɗan bututu daga mafitsara zuwa cibiya ko gefen mara, yaro ya riƙa sa roba ta nan cikin sauƙi, ba ya yoyo. Idan an jefar da afendis a makon farko na rayuwa, an rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage shi ne a yanko bututun daga ƙaramin hanji ko daga bangon mafitsarar, yankan hanji kuwa a irin wannan yaro yana iya tsayar da ɗan motsin da yake da shi na tsawon makonni. Ba kowane yaro ne zai buƙaci wannan tiyata ba. Amma shawarar cire afendis ko barinsa ta cancanci a yi ta da likitan mafitsara a ɗakin.

Ƙwayar cuta a fitsari ba ita ce ciwo ba

Duk yaron da ake sa wa roba kullum, idan ka kai fitsarinsa ɗakin gwaji, akwai yiwuwar gaske a ga ƙwayoyin cuta, ko da yana wasansa lafiya. Zama suka yi a wurin, ba su kai hari ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2019 sun ce kada a bi irin wannan da magani in babu alamar ciwo. Duk da haka rahotanni da yawa kan ciwon Berdon suna cewa yaro ya samu ciwon mafitsara sau kaza, ba tare da sun fayyace ko da zazzaɓi ne ko takardar gwaji ce kawai ta nuna ba. Lissafin da bai raba waɗannan biyun ba, ba za ka iya gina shawara a kansa ba.

Maganin rigakafi na kullum fa, wanda ake rubuta wa da yawansu tun daga haihuwa? A 2011 wani gwaji a Holan da Beljiyam kan yara masu sifaina bifida da ke amfani da roba ya nuna cewa dakatar da shi bai ƙara ciwon da ke zuwa da zazzaɓi ba, ko da yake ƙwayoyin cuta a fitsari sun ƙaru. A 2018 wani gwaji a Birtaniya kan manya 404 masu sa wa kansu roba ya nuna maganin ya rage ciwon da kusan rabi, amma ƙwayoyin da ba sa jin magani sun ƙaru a cikin shekara guda.

Yanzu ka auna wannan ciniki a kan yaron Berdon. Yana da bututu a babbar jijiya, wadda ita ce hanyar abincinsa. Ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye-zagaye saboda ƙwayoyin da ke taruwa a hanjinsa. Ranar da ƙwayar da ba ta jin magani ta shiga jininsa, zaɓin likita ya ragu. A gefe guda kuma, idan fitsarinsa na komawa ƙoda, ko an yi masa dashe, barin rigakafin na da nasa haɗarin. Shawara ce da ake yanke wa kowane yaro daban, a kuma sake dubawa lokaci-lokaci. Abin suka shi ne a rubuta maganin ranar sallama daga asibiti, a shekara uku babu wanda ya tambayi dalilin ci gaba da shi. Zazzaɓi kuwa a yaron da ke da bututun jijiya maganar gaggawa ce ko da yaushe, asibiti ake nufa a ranar.

Roba sabuwa kullum, ko a wanke a maimaita?

Ka yi lissafi. Sau shida a yini, kwana 365, roba 2,190 kenan a shekara idan kowace sau ɗaya za a yi amfani da ita. A Amurka tun 2008 inshorar gwamnati ta Medicare ke biyan har roba 200 a wata. A ƙasashe da yawa kuwa wankewa ake yi a maimaita, kamar yadda Lapides ya koyar tun farko.

Wanne ya fi? Labarin hujjar kansa darasi ne. A 2014 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta fitar da nazari cewa babu gamsasshiyar hujjar bambanci. Wasu masu bincike suka bi alƙaluman suka gano kurakurai, aka janye nazarin a 2017. Da aka sake shi a 2021, sakamakon ya tsaya a kan cewa gwaje-gwajen da ake da su ƙanana ne kuma raunana, ba su isa yanke hukunci ba. A 2019 wani gwaji a Meziko kan masu sifaina bifida bai ga bambancin ciwo tsakanin sabuwar roba da wadda ake wankewa ba, sai dai mako takwas kawai aka bi su.

Saboda haka mai cewa maimaita roba ganganci ne ya wuce abin da hujja ta ba shi, haka ma mai cewa babu wani bambanci sam. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, tsallake lokacin zuƙewa don robar ta ƙare ya fi wanke ta haɗari.

Sannan akwai wadda rahotannin ba sa ƙirgawa, wato mai yin aikin. Uwar yaron nan tana haɗa ruwan jijiya da tsabta irin ta ɗakin tiyata, tana zubar da jakar hanji, tana zuƙe iska da ruwa daga bututun tumbi, ga roba sau biyar ko shida. Shi ya sa wasu iyalai ke zaɓar a buɗa wa mafitsara ƙofa a ƙasan cibiya, fitsari ya riƙa zuba a famfas. Ita ma tana da nata: fata na saɓulewa, ƙofar na iya tsukewa ko mafitsara ta leƙo, kuma sakakkiyar mafitsara ba lalle ta zube duka ba, wani lokaci sai an bi ta ƙofar da roba. Ga cikin dama ya cika da ƙofofi, ana kuma tanadin wuri don tiyatar dashe. Rahoton da ya ce an samu nasara da roba, bai faɗi sau nawa ake tashi da dare ba, bai faɗi wa ke yi a makaranta ba, bai faɗi shekarun da yaron ya fara yi da kansa ba, ya ba da rabin labari ne.

Ina abin ya shafe mu?

Ta wuri uku. Na farko sikanin. Yau ko a ƙananan garuruwa mai ciki na yin hoto. Idan aka ga ƙatuwar mafitsara, abin da aka fi zato shi ne toshewar hanyar fitsari, wadda nau'inta da aka fi sani maza kaɗai take kamawa, kuma galibi ruwan mahaifa na raguwa. Idan jaririyar mace ce, ruwan mahaifa kuma daidai yake ko ma ya yi yawa, ya kamata ciwon Berdon ya faɗo a rai, a tura uwar ta haihu inda akwai likitocin tiyatar yara, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. Ciyarwa ta jijiya ta tsawon shekaru ta fi ƙarfin yawancin iyalai a ƙasashenmu, gaskiya ce mai ɗaci. Amma sanin ciwon yana hana a yi ta buɗe cikin jariri ana neman toshewar da babu ita, kuma zuƙe mafitsarar da ta danne masa ciki sauƙi ne da ake iya ba shi ko'ina.

Na biyu gado. Inda auren zumunci ya yawaita, nau'in da ake gada daga iyaye biyu ya fi samun hanya. Idan shi ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Idan sabon sauyin ACTG2 ne, haɗarin maimaituwa kaɗan ne. Iyayen da suka rasa jarirai biyu da kumburin ciki iri ɗaya sun cancanci a yi musu wannan bayani, kuma a gaya musu cewa ba wani abu da uwar ta ci ko ta yi ne ya jawo ba.

Na uku ita kanta robar. Abin da mutanenmu suka fi sani shi ne robar da ake bari a jiki da jaka a rataye, har ana ganinta alamar ciwo ya yi tsanani. Ta lokaci-lokaci daban ce: a wanke hannu, a shafa mata man santsi na asibiti, a sa, fitsari ya zube, a cire, cikin 'yan mintoci. Ta jariri kaurinta bai wuce milimita 2 ba. Iyaye da yawa na tsoron za ta taɓa budurcin yarinya. Ƙofar fitsari daban take, tana sama da farji, ta nan robar ke bi. A asibitin Kijabe na Kenya an daɗe ana koya wa iyayen yara masu sifaina bifida wannan dabara, su koma ƙauyukansu su ci gaba. Yaran da ke buƙatarta a ƙasar Hausa, masu sifaina bifida da waɗanda aka haifa ba dubura da masu raunin laka, sun ninka masu ciwon Berdon sau ba adadi.

Abin da muke nema daga masu rubutu da masu magani ba mai tsada ba ne. Likitan mafitsara da na ƙoda su shiga tawagar tun makon farko. Asibitocin da ke ganin yara biyu-uku su haɗa bayanansu a rajista ɗaya, da ma'ana ɗaya ta abin da ake kira ciwon mafitsara, da gwajin ƙoda da bai dogara da tsoka ba, a bi yaran har su girma. Kai kuma, idan ɗanka ko ɗan wani naka yana amfani da roba, ko wane ciwo ne sanadi, ka riƙe tambayoyi huɗu zuwa asibiti: mililita nawa ya kamata a samu a kowace zuƙa, me za a yi da dare, wannan maganin na kullum har yaushe, kuma yaushe za a sake duba ƙoda.